Guangzhou: Birnin Fatake da Wuraren Tarihinsa

Duk wanda ya shiga Kantin Kwari a Kano, ko babbar kasuwar Maraɗi, ya tambayi inda aka saro tufafi da takalma da jakunkuna da wayoyin hannu, ba zai daɗe ba zai ji an ambaci Guangzhou. Wannan birni yana kudancin ƙasar Sin, shi ne kuma hedikwatar lardin Guangdong. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 fatake daga Nijeriya da Nijar da Gana da Mali suke zuwa can sayen kaya. Sai dai yawancinsu wurare uku kawai suke sani: masauki, da kasuwa, da ofishin mai ɗora kaya. Da zarar kwantena ta cika, sai su kama hanyar filin jirgin sama.

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Mai yin sati biyu a cikin shaguna yakan koma gida da zaton Guangzhou sabon gari ne da masana'antu suka haifa jiya. Alhali kuwa birnin ya haura shekara 2,200, kuma tun farkonsa da baƙin 'yan kasuwa ya tashi. Wuraren tarihinsa, in an bi su ɗaya bayan ɗaya, labari guda suke bayarwa, wato yadda garin ya riƙa karɓar baƙi, wani lokaci da hannu biyu, wani lokaci kuma da shinge.

Gari da mutanensa

Guangzhou yana bakin Kogin Lu'ulu'u, wanda Sinawa ke kira Zhujiang, kimanin kilomita 120 arewa maso yamma da Hong Kong. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mazaunansa sun zarce miliyan 18. Larabawan da suka san shi tun da daɗewa suna kiransa Khanfu, Turawa kuma suka sa masa suna Kanton. 'Yan asalin wurin suna da harshensu, Kantonanci, wanda ya bambanta ƙwarai da Sinancin Beijing da ake koyarwa a makarantu. Rubutunsu kusan ɗaya ne, amma in kowa ya yi magana da harshen gidansu, ba sa jin juna.

An kafa garin a shekara ta 214 kafin haihuwar Annabi Isa, a zamanin daular Qin, da sunan Panyu. Sunan Guangzhou ya fara bayyana ne a shekara ta 226 miladiyya. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne matsayinsa. Jiragen ruwa masu fitowa daga Indiya da Farisa da ƙasashen Larabawa nan suke fara samun babbar tasha a ƙasar Sin, kamar yadda ayarin raƙuma masu ƙetaro Sahara suke sauke kaya a Agadas da Katsina da Kano.

Lambun Yuexiu

Matafiyin da ya sauka a unguwar Xiaobei, inda fataken Afirka ta Yamma suka fi sauka, ba ya bukatar mota kafin ya isa wurin farko. Ma'anar Xiaobei ita ce Ƙaramar Arewa, domin a nan ƙaramar ƙofar arewa ta ganuwar birnin take a da. An rushe ƙofar, suna ya saura. Daga nan tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa zuwa Yuexiu, babban lambun shaƙatawa da ke kan tuddai a tsakiyar gari.

A cikin lambun akwai ragowar ganuwar da aka gina a zamanin daular Ming, saiwoyin itatuwa sun rungume tubalanta. A kan tudu kuma ga Zhenhai, wani jan bene mai hawa biyar da aka gina a 1380, lokacin da aka faɗaɗa ganuwar zuwa arewa. Yanzu shi ne gidan tarihin birnin. Wanda ya hau shi hawa-hawa zai ga tarihin garin a jere, daga tukwanen mutanen farko zuwa kayan da aka riƙa sayar wa Turawa.

Abin da ya fi jan masu ɗaukar hoto shi ne gunkin awaki biyar, wanda aka sassaƙa da dutse aka kafa a 1960. Almara ta ce a wani zamani yunwa ta addabi mutanen wurin, sai wasu mutane biyar suka sauko daga sama a kan awaki biyar, kowace akuya da zangarniyar shinkafa a baki. Suka ba jama'a irin, suka yi musu fatan kada su ƙara ganin yunwa, suka koma sama, awakin kuwa suka zama duwatsu. Shi ya sa har yau ake yi wa Guangzhou laƙabi da Birnin Awaki. A Sinanci kalma ɗaya ce, yang, take nufin akuya da tunkiya, don haka wasu sukan ce Birnin Raguna.

Kabarin sarkin Nanyue

Daga yammacin lambun, in an tsallaka titin Jiefang ta Arewa, sai a tarar da wani gini na jan dutse. A nan ne a 1983 leburori masu haƙa harsashin gini suka ci karo da manyan duwatsu a jere. Da masana suka buɗe, sai ga kabarin Zhao Mo, sarki na biyu na masarautar Nanyue, wanda ya mutu wajen shekara ta 122 kafin haihuwar Annabi Isa. Kakansa Zhao Tuo, wani jarumin daular Qin da aka turo daga arewa, shi ya kafa masarautar bayan rushewar Qin, ya mai da Panyu fadarsa. Masarautar ta yi kusan shekara 100 kafin daular Han ta cinye ta a shekara ta 111 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ɓarayin kabari ba su taɓa gano wannan wuri ba, saboda haka aka sami komai yadda aka ajiye shi. An sami hatimin sarkin na zinariya, da kayan kiɗa, da makamai, da tukwanen girki. An kuma sami likkafaninsa, wanda aka haɗa da ƙananan sassa 2,291 na wani dutse mai daraja da Sinawa ke kira yu, aka ɗinke su da zaren siliki. An ga ƙasusuwan mutum 15 da aka binne tare da shi don su yi masa hidima, bisa imanin mutanen wancan zamani.

Ga baƙo daga Afirka, abin da ya fi ɗaukar hankali yana wani akwati dabam. A cikin dukiyar sarkin akwai hauren giwa guda biyar da masana suka ce na giwayen Afirka ne, da turaren lubban, da wata batta ta azurfa mai ƙirar Farisa. Wannan ya nuna cewa kayan Afirka sun riga 'yan Afirka na yau isa Guangzhou da shekara fiye da 2,000. An buɗe gidan tarihin a 1988, an kuma bar kabarin a inda yake, ana iya sauka cikinsa a ga ɗakunansa bakwai.

Masallacin Huaisheng da unguwar baƙi

Kudu da nan, cikin tsohon gari, akwai wani titi mai suna Guangta, wato Hasumiyar Haske. Sunan ya samo asali ne daga hasumiyar masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin masallatai mafi daɗewa a ƙasar Sin. Ma'anar Huaisheng ita ce tunawa da Mai Tsarki, ana nufin Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Tsawon hasumiyar ya kai mita 36. Kewayayya ce, sumul, ba ado, ba ta kuma yi kama da sauran hasumiyoyin Sinawa masu rufi hawa-hawa ba. Masallacin kansa kuwa ƙirar Sinawa ce tsantsa, da farfajiya da baranda da rufi mai lanƙwasassun gefuna. An sake gina shi a 1350, aka kuma sake a 1695 bayan gobara. Matsayin hasumiyar a wurin Musulmin birnin ya yi kama da na Gobarau a wurin Katsinawa.

A zamanin daular Tang, daga 618 zuwa 907, bakin kogi yana dab da masallacin, kafin yashi ya tura ruwan kudu. Hasumiyar tana yi wa matuƙan jiragen ruwa jagora, daga kanta kuma ake duba inda iska ta dosa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da iskar bazara jirage suke zuwa daga kudu, da iskar hunturu suke komawa. Falke yakan yi watanni yana jiran iska ta juya, wasu kuma su yi aure su zauna.

Hukuma ta keɓe wa waɗannan baƙi unguwa a kewayen masallacin, ana kiranta fanfang, ta kuma naɗa musu shugaba daga cikinsu. Wani littafin Larabci da aka rubuta a 851, mai ɗauke da labarun wani falke da ake kira Sulaiman, ya bayyana cewa sarkin Sin ya naɗa wani Musulmi yana yanke hukunci tsakanin Musulmin Khanfu, shi ne kuma yake jan sallar idi. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba. Shi ne tsarin zango da sarkin zango da Hausawa suka kafa a Kumasi da Accra, da Sabo na Ibadan: baƙi su zauna wuri guda, su riƙe addininsu, shugabansu ya tsaya tsakaninsu da masu gari.

Amma zaman bai kasance lami lafiya kullum ba. Wajen shekara ta 879 dakarun wani ɗan tawaye mai suna Huang Chao suka ci birnin, suka karkashe baƙin 'yan kasuwa. Marubuci Abu Zaid na Siraf ya ce waɗanda aka kashe, Musulmi da Yahudawa da Kirista da Majusawa, sun kai 120,000. Masana tarihi suna ganin akwai ƙari a adadin, amma sun yarda kisan ya auku, ciniki kuma ya daɗe bai farfaɗo ba. Duk da haka baƙi sun dawo. A tsakiyar ƙarni na 14 Ibn Battuta ya ba da labarin birnin da sunan Sin Kalan, ya ce Musulmi suna da unguwarsu da masallaci da kasuwa da alƙali. Shi ne matafiyin nan da daga baya ya ziyarci Mali da Takedda, ya kuma ambaci Gobir a cikin ƙasashen da ake kai wa tagulla.

Hubbaren Waƙƙas

Wurin da ya fi kusa da zuciyar fataken Musulmi yana arewa kaɗan da kabarin sarkin Nanyue, a kan titi guda. Tsohuwar maƙabartar Musulmi ce mai yawan itatuwa, da masallaci a cikinta da ake kira Xianxian, wato Magabata na Gari. A tsakiyarta akwai wata ƙaramar ƙubba. In mutum ya yi karatu a ciki, muryarsa takan yi amsa-kuwa, shi ya sa Sinawa ke kiranta kabari mai amo.

Musulmin Sin sun gāji labarin cewa a nan Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, sahabin Annabi, yake kwance, kuma shi ne ya gina masallacin Huaisheng a 627. Littattafan tarihin Musulunci ba su goyi bayan haka ba. Abin da suka tabbatar shi ne Sa'adu ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya, ya kafa garin Kufa, ya rasu a kusa da Madina, aka binne shi a Baƙi'a. Tarihin daular Tang kuma ya rubuta cewa manzannin farko daga halifa sun iso fadar Sin a 651, zamanin Sayyidina Usmanu. Saboda haka masana da yawa suna ganin wani bawan Allah ne daga cikin Musulmin farko aka binne a wurin, daga baya aka jingina masa sunan sahabin.

Wannan bai rage darajar wurin ba. Labarin Bayajida da rijiyar Kusugu ta Daura shi ma ba a auna shi da ma'aunin shekaru, amma yana nuna inda Hausawa suke ganin tushensu. Haka labarin Waƙƙas yake nuna yadda Musulmin Sin suke ɗaure asalinsu da Madina kai tsaye. Ranar Juma'a masallacin yakan cika har farfajiya. A sahu guda za a ga 'yan ƙabilar Hui da Uygur na ƙasar Sin, da Larabawa da Pakistanawa, da mutanen Bamako da Konakiri da Yamai da Kano. Falken da ke neman ɗan garinsu, a nan ya fi saurin samunsa.

Gidajen ibadar Buddha

Ba Musulunci kaɗai ne ya shigo ta wannan tasha ba. Malaman addinin Buddha daga Indiya su ma ta ruwa da yawansu suka iso. Tafiya kaɗan daga masallacin Huaisheng akwai gidan ibada na Guangxiao, wanda mutanen garin kan ce ya girmi birnin kansa. A nan aka aske kan Huineng a 676, ya shiga sahun malamai, daga baya ya zama shugaba na shida na ɗariƙar Chan, wadda Japanawa ke kira Zen. Ana ba da labarin cewa ya tarar da almajirai biyu suna gardama a kan wata tuta, ɗaya yana cewa tuta ce ke motsi, ɗaya yana cewa iska ce, shi kuwa ya ce musu zukatansu ne ke motsi.

Kusa da shi akwai gidan ibada na Liurong, wanda aka kafa a 537. Sunan yana nufin itatuwa shida na wani iri dangin ceɗiya, kuma shahararren mawaƙi Su Shi ne ya ba shi a 1100. Hasumiyarsa mai kusurwa takwas ta kai mita 57. Tsakanin masallacin da waɗannan gidajen ibada biyu tafiyar ƙafa ce, kuma sun yi ƙarnuka suna maƙwabtaka.

Gidan zuriyar Chen

Mai son ya san 'yan asalin lardin kansu, sai ya nufi yamma zuwa gidan zuriyar Chen. Iyalai masu wannan suna daga gundumomi 72 na Guangdong suka haɗa kuɗi suka gina shi tsakanin 1888 da 1894. Amfaninsa biyu ne. Na farko, wurin girmama kakanni ne, inda ake jera allunan sunayensu. Na biyu, masauki ne ga samarin zuriyar da suka zo birni don jarrabawar shiga aikin sarki. A ƙasar Sin ta da, wannan jarrabawa ita ce babbar hanyar da ɗan talaka zai zama hakimi, kuma in mutum ɗaya ya ci, dangi duka sun ɗaukaka. An soke ta a 1905, shekara 11 kacal bayan kammala ginin.

Gidan yana da gine-gine 19 da farfajiya 6. Abin kallo a cikinsa shi ne ado. A kan tsaikon rufi an jera ɗaruruwan 'yan gumaka na yumɓu masu launi, suna nuna labarun yaƙi da na wasan kwaikwayo. An sassaƙa katako da dutse da tubali, an zuba ƙarfe, ko'ina da tsuntsaye da kifaye da 'ya'yan itace, kowanne da fatan alherin da yake wakilta. Wanda ya san zanen dagi a bangon gidajen Zariya da Kano zai gane manufar: gida yana faɗin matsayin masu shi tun daga waje. Yanzu ginin gidan adana sana'o'in gargajiya ne na lardin.

Tsibirin Shamian

A 1757 sarkin Sin ya ba da umarni cewa duk cinikin Turawa ta ruwa a Guangzhou kaɗai za a yi shi. Aka keɓe musu wani ɗan fili a bakin kogi, bayan ganuwa, inda aka gina gidajen ciniki goma sha uku. Dokokin suna da tsauri. Ba a yarda su shiga cikin birni ba, ba a yarda su zo da matansu ba, an hana a koya musu Sinanci, kuma ba sa ciniki sai ta hannun wasu attajirai ƙalilan da hukuma ta ba izini. In kakar ciniki ta wuce, sai su koma Makau. Suna sayen ganyen shayi da siliki da tangaran, suna biya da azurfa.

Da azurfar ta yi wa Ingilishi yawan fita, sai suka shiga shigo da ofiyam daga Indiya, wani abin maye da ya lalata dubban gidaje. A 1839 wakilin sarki, Lin Zexu, ya ƙwace akwati fiye da 20,000 ya lalata su a Humen, kusa da bakin teku. Wannan ya jawo yaƙi. Ingila ta yi nasara, yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta ba ta tsibirin Hong Kong, ta kuma buɗe tashoshi biyar ga baƙi. Gidajen ciniki goma sha ukun sun ƙone a 1856, amma titin da suke kai yana nan da sunansa, Shisanhang, kuma yau babbar kasuwar sarin tufafi ce.

Bayan gobarar, Ingila da Faransa suka karɓi wani tudun yashi a bakin kogi mai suna Shamian. Daga 1859 aka haƙa magudanar ruwa aka raba shi da gari, ya zama tsibiri. Ingila ta ɗauki kashi huɗu cikin biyar, Faransa ta ɗauki ɗaya. Gada biyu kaɗai ke shiga, ana kuma rufe su da dare. A nan reshe ya juye da mujiya: dā masu gari ne suke killace baƙi, yanzu baƙi ne suke hana masu gari shiga. Ran 23 ga Yuni, 1925, sojojin da ke tsibirin suka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga a ɗaya gefen ruwan, suka kashe fiye da mutum 50. Titin da abin ya faru yanzu sunansa Liu'ersan, wato shida, biyu, uku, don tunawa da ranar.

Yau Shamian wuri ne mai inuwa da natsuwa. Akwai tsofaffin gine-ginen Turawa kimanin 150, na bankuna da ofisoshin jakadanci da majami'u, da manyan itatuwa a kan tituna. Angwaye da amare sukan zo ɗaukar hoto. Wanda ya san unguwar Nasarawa ta Kano, inda Turawan mulki suka ware kansu daga birni, zai ga alamunta a nan.

Xiguan: shayi, waƙa da harshe

Arewa da Shamian akwai Xiguan, tsohuwar unguwar attajirai. A titunan Shangxiajiu da Enning ana ganin gine-ginen da ake kira qilou: shago a ƙasa, gida a sama, benen kuma ya miƙo ya rufe hanyar masu tafiya, ya kare su daga rana da ruwan sama. A nan al'adar shan shayin safe ta fi ƙarfi. Tsofaffi sukan zauna sa'o'i a gidan shayi da ƙananan kwandunan abinci, suna hira da karatun jarida. In an zuba wa mutum shayi, yakan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, wannan ita ce godiyarsa.

A titin Enning kuma akwai gidan tarihin wasan kwaikwayon waƙa na Kantonawa, fasahar da hukumar UNESCO ta sa a cikin jerin al'adun duniya a 2009. Mutanen wurin suna kishin harshensu. A watan Yuli na 2010, da aka kawo shawarar rage Kantonanci a talabijin ɗin birnin, jama'a sun fito kan titi suna nuna rashin yarda. An kuma yi doguwar muhawara a kan rushe tsofaffin gidajen Enning, har daga baya aka gyara wani sashe aka bar shi tsaye. Mai bin labarin ganuwar Kano da marinar Ƙofar Mata ya san irin wannan ja-in-ja tsakanin masu son gini da masu son gado.

Sabon gari da sabon zango

Gabas da tsohon gari, a gefen kudu na kogi, ga hasumiyar Kanton mai tsawon mita 600, wadda aka buɗe a 2010, shekarar da birnin ya karɓi wasannin ƙasashen Asiya. Gaba kaɗan, a Pazhou, akwai filin baje kolin Kanton. An fara wannan baje koli a 1957, ana yinsa sau biyu a shekara, ɗaya ya fara a Afrilu, ɗaya a Oktoba, shi ne kuma mafi girma a ƙasar.

Zuwan 'yan Afirka da yawa ya fara ne bayan rikicin kuɗi na Asiya na 1997, lokacin da fatake da ke Bankok da Jakarta suka juyo nan, ya kuma ƙaru bayan Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001. Musulmin Afirka ta Yamma suka fi taruwa a Xiaobei, kewayen benen Tianxiu, 'yan kudancin Nijeriya kuma a Sanyuanli, unguwar da ƙauyawanta suka yi wa sojojin Ingila tirjiya a 1841. Kiristoci daga cikinsu sukan cika babbar majami'ar dutse ta titin Yide, wadda aka gina daga 1863 zuwa 1888. A 2014 hukumomin birnin sun ce 'yan Afirka mazauna garin sun kai kimanin 16,000. A shagunan unguwar, inda harshe ya gaza, na'urar lissafi ce tafinta: mai saye ya danna farashi, mai sayarwa ya goge ya danna nasa.

Daga baya adadin ya ragu, saboda tsananta dokokin biza da faɗuwar darajar naira da tsadar kaya. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, an kori 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal, wasu suka kwana a titi. Jakadun ƙasashen Afirka a Beijing suka rubuta takardar koke, kakakin majalisar wakilan Nijeriya, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa ɓacin rai. Hukumomin Sin sun musanta cewa manufarsu ce nuna wariya, suka yi alkawarin gyara. Bayan buɗe iyakoki a 2023 fatake sun ci gaba da zuwa, ko da yake da yawa yanzu ta waya suke yin oda.

Shirin ziyara

Kwana biyu sun isa a ga yawancin waɗannan wurare, domin jirgin ƙarƙashin ƙasa yana kaiwa kusa da kowannensu. Lambun Yuexiu da kabarin sarki da hubbaren Waƙƙas suna haɗuwa a yini ɗaya, musamman ranar Juma'a. Masallacin Huaisheng da gidajen ibadar Buddha da gidan Chen da Shamian kuma su ɗauki yini na biyu. Lokaci mafi daɗi shi ne daga Oktoba zuwa Disamba, domin daga Afrilu zuwa Satumba akwai zafi da gumi da ruwan sama mai yawa. Gidajen tarihi da dama suna rufewa ranar Litinin, ana kuma bukatar fasfo a ƙofa. Girkin Kantonawa yana yawan amfani da naman alade, saboda haka Musulmi yakan nemi gidan abinci mai alamar qingzhen, wato halal. Irin waɗannan suna da yawa a Xiaobei da kewayen masallatai.

Hausawa sun daɗe suna ambaton birnin Sin in suna son kwatanta wuri mafi nisa da za a je neman ilimi. Yau tafiyar ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu a jirgin sama, ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Dubai. Falken da ya ware yini biyu daga cinikinsa zai tsaya a gindin hasumiyar da fataken Siraf da Basra suka tsaya suna jiran iska, ya ga hauren giwar da ya riga shi zuwa, ya kuma fahimci cewa dokokin da ke takura masa a yau suna da kakanni. Zai koma Kano ko Maraɗi da kwantenarsa, ya kuma koma da sanin garin da ya sayar masa da kayan.